Hudson Taylor da Matarsa Maria: Gidan da Addu'a ta Riƙe

Kowace mace a Damargu ta san tukunya ba ta zama a kan dutse biyu. Sai an kafa na uku kafin a ɗora sanwa. Haka auren masu bi yake. Miji dutse ne, mata dutse ce, na ukun kuwa shi ne Ubangiji, da addu'a kuma ake ba shi wurinsa a cikin gida.

Mu dattawan ikkilisiya mukan zauna da ma'auratan da suka saɓa. Miji ya kawo nasa, mata ta kawo nata. Amma in aka tambaye su yaushe rabonsu da durƙusawa tare gaban Allah, sau da yawa sai kowa ya sunkuyar da kai. Shi ya sa muka ga ya kamata mu kawo muku labarin wani mutumin Ingila mai suna Hudson Taylor, wanda ya kai bishara cikin ƙasar Sin, da matarsa Maria. Ƙasarsu nesa take da tamu, zamaninsu kuma ya daɗe da wucewa. Amma sun san talauci, sun san zama 'yan kaɗan a tsakiyar mutanen da ba su bin Almasihu, sun kuma san binne 'ya'ya. Duk wanda ya san waɗannan abubuwa uku, ɗan'uwanmu ne.

Yaron da aka yi wa addu'a

An haifi James Hudson Taylor ran 21 ga Mayu, 1832, a garin Barnsley na ƙasar Ingila. Ubansa mai sayar da magani ne, yakan kuma yi wa'azi. Tun kafin a haife shi, uban da uwar suka durƙusa tare suka keɓe shi ga Ubangiji. Ashe tun daga gidan iyayensa ya ga yadda miji da mata suke haɗa baki su roƙi abu ɗaya.

Da ya zama saurayi sai zuciyarsa ta yi sanyi ga al'amarin Allah. A shekarar 1849, yana ɗan shekara 17, wata rana ba shi da aikin yi, ya ɗauki wata 'yar takardar bishara irin wadda ke hannunka yanzu, don ya rage lokaci kawai. Cikin karatun ya gane Yesu ya riga ya gama aikin ceto a kan gicciye, ba abin da ya rage masa sai ya karɓa. A wannan yini uwarsa tana wani gari mai nisa. Ta kulle kanta cikin ɗaki tana roƙo dominsa, ba ta tashi ba sai da zuciyarta ta tabbata an amsa mata.

Bayan haka ya ji kira zuwa ƙasar Sin. Ya fara koyon aikin likita, ya horar da kansa da cin abinci kaɗan da kwana a wuri mai tauri, ya kuma koyi kai bukatarsa ga Allah shi kaɗai, ba tare da roƙon mutane ba. Ya tashi daga Ingila cikin jirgin ruwa a watan Satumba 1853, bai sauka birnin Shanghai ba sai ran 1 ga Maris, 1854. Ba da daɗewa ba ya ajiye tufafin Turawa ya sa irin na mutanen ƙasar, ya yi aski irin nasu, don kada shigarsa ta hana su jin maganarsa. 'Yan'uwansa Turawa suka yi ta yi masa ba'a.

Marainiya

An haifi Maria Dyer ran 16 ga Janairu, 1837, a ƙasar da yanzu ake kira Malesiya. Iyayenta 'yan mishan ne masu aiki cikin Sinawan da ke zaune can. Ubanta ya rasu a 1843, uwarta ta bi shi a 1846. Tana 'yar shekara tara ta zama marainiya, aka kai ta Ingila hannun kawunta, William Tarn. Ba ta cika shekara 17 ba ta bi yayarta zuwa birnin Ningbo na ƙasar Sin, suna koyarwa a makarantar 'yan mata ta wata Baturiya mai suna Mary Aldersey. Maria ta iya harshen garin kamar 'yar gida. A nan Ningbo Hudson ya gan ta.

Jiran yardar iyaye

A shekarar 1857 Hudson ya rubuta mata takarda yana neman aurenta. Bai sani ba, ashe ita ma ta daɗe tana kai zancensa gaban Allah a ɓoye. Amma uwar ɗakinta, Mary Aldersey, ta ƙi ƙememe. Mace ce mai himmar aikin Allah, amma a ganinta wannan saurayi ba shi da kuɗi, bai gama karatu ba, ba a naɗa shi fasto ba, ga shi kuma yana yawo cikin rigar Sinawa. Ta sa Maria ta rubuta masa amsar ƙi. Maria ta rubuta da hawaye.

Ga abin da ya kamata samarinmu da 'yan matanmu su lura da shi. Ba su gudu tare ba. Ba su riƙa saduwa a ɓoye ba. Kowa ya koma ɗakinsa yana roƙon Allah, in nufinsa ne, ya buɗe hanya. A watan Yuli na shekarar, matan mishan suka yi taron addu'a a gidan John Jones, abokin aikin Hudson. Sai aka kece da ruwa kamar da bakin ƙwarya, hanyoyi suka cika, Maria ta kasa komawa gida da wuri. A gaban matar Jones suka yi magana, kowa ya faɗi abin da ke zuciyarsa, suka yi addu'a tare, suka yarda Hudson ya rubuta wa kawunta a Landan.

A wancan zamani takarda takan yi watanni a teku. Suka jira, ana ta ɓata sunan Hudson a gari. Kawun ya yi bincike a kansa a Landan, ya ji shaida mai kyau, ya aiko da yardarsa, da sharaɗin a bari ta cika shekara 21.

Saura mako biyu a ɗaura aure, sai kuɗi ya ƙare wa Hudson da Jones. Ya riga ya rabu da ƙungiyar da ta aiko shi domin tana cin bashi, saboda haka ba shi da albashi. Abin da ya rage a gidan ƙwandala ɗaya ce tak ta tagulla mai huji a tsaka, irin aninin dā. Suka yi kuka ga Allah, a wannan rana kuwa takarda ta iso da taimako. Amma abin ya girgiza Hudson. Ya gaya wa Maria gaskiyar halin da yake ciki, ya kuma ba ta dama ta janye in tana so. Ta tuna masa ita marainiya ce, Allah ne ya riƙe ta tun tana ƙarama, ba yanzu ne za ta fara jin tsoron dogara gare shi ba. Aka ɗaura aurensu ran 20 ga Janairu, 1858.

Buhun shinkafa na ƙarshe

Suka zauna a wani ɗan bene a Ningbo, ƙasa wurin sujada da makaranta, sama wurin kwana. Ɗansu na fari bai zo da rai ba. A 1859 Allah ya ba su 'ya mace, suka sa mata suna Grace, wato Alheri.

A wannan shekara matar wani likita mai suna William Parker ta rasu, dole ya kwashe 'ya'yansa ya koma gida. Ya bar asibitinsa, ba kuwa wanda zai riƙe shi sai Hudson. Ba kuɗin da za a ci gaba da shi. Miji da mata suka ɗauki kwanaki suna addu'a kafin su amsa, sa'an nan suka karɓa da baki ɗaya. Suka gaya wa ma'aikata ba su da alkawarin albashi, sai abin da Ubangiji ya aiko. Kwanci tashi, mai dafa abinci ya zo ya ce an buɗe buhun shinkafa na ƙarshe. Marasa lafiya ma sun ji, suna zuba ido su ga abin da Allahn Kirista zai yi. Kafin buhun ya ƙare, takarda ta zo daga wani mai bi a Ingila, William Berger, da fam 50 a ciki, yana kuma tambaya ko akwai bukatar ƙari.

Mun san irin wannan rana a Damargu. Waɗanda suka ga farin 1973 da na 1984 sun san yadda mace takan leƙa rumbu ta ga ƙasa. A irin wannan rana ce gardama takan shiga gida. Mata ta ce miji ya gaza, miji ya ce mata ta yi ɓarna. Hudson da Maria ba su juya wa juna ba, gaban Allah suka juya tare. Ba kullum ne taimako yake zuwa kafin buhu ya ƙare ba, labarinsu na gaba zai nuna mana haka. Amma gidan da ke roƙo tare, yunwa takan same shi a haɗe.

Abin da miji ya ɓoye

A 1860 ciwo ya kama Hudson, suka koma Ingila. Suka yi kusan shekara shida a wata unguwar talakawa a gabashin Landan. Ya gama karatun likita, yana kuma gyaran fassarar Sabon Alkawari cikin harshen Ningbo. Kowace Asabar akan taru a gidansu a yi addu'a domin ƙasar Sin.

A nan ne Hudson ya yi kuskuren da maza da yawa suke yi. Ya ga yawancin 'yan mishan suna zaune a biranen bakin teku, larduna 11 na cikin ƙasa ba mai bishara ko ɗaya. Ya ji Allah yana so ya roƙi ma'aikata ya kai su can. Amma tsoro ya kama shi, kada ya kai 'ya'yan mutane su mutu, alhakinsu ya hau kansa. Watanni yana fama da wannan, barci ya gagare shi, jikinsa ya rame, bai kuwa gaya wa kowa ba, ko matarsa. Maria ta ga akwai abin da ke cin sa. Ba ta tsananta masa da tambaya ba, ba ta kuma yi fushi ba, ta ci gaba da ɗauke shi cikin addu'a.

Ran Lahadi 25 ga Yuni, 1865, yana tafiya shi kaɗai a bakin teku a garin Brighton, sai ya gane in Allah ne ya aika, alhakin na Allah ne. Nan take ya roƙi ma'aikata 24, biyu biyu domin kowane lardi, biyu kuma domin ƙasar Mongoliya. Ya koma gida da sakakkiyar fuska ya buɗe wa matarsa zuciyarsa duka. Da fam 10 aka buɗe asusun sabuwar ƙungiya mai suna China Inland Mission, wato mishan na cikin ƙasar Sin. Suka gama wani ɗan littafi a kan bukatar ƙasar, shi yana kai da kawowa cikin ɗaki yana faɗa, ita tana rubutawa, suna tsayawa suna addu'a a kan abin da za su sa.

Ya maigida, kana tsammani ɓoye damuwarka shi ne mazantaka? Matarka ta riga ta gani a fuskarka. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Abin da ka hana ta sani, ka hana ta taya ka roƙo a kansa da sunansa.

Kabari da wuta

Ran 26 ga Mayu, 1866, suka shiga jirgin ruwa mai suna Lammermuir da 'ya'yansu huɗu da sababbin ma'aikata 16. Sau biyu guguwar teku ta kusa nutsar da su. Suka sauka Shanghai a ƙarshen Satumba, suka wuce birnin Hangzhou. Can waɗansu cikin abokan aiki suka tayar masa, suka ƙi tufafin Sinawa, har suka aika da ƙarairayi a kansa zuwa Ingila. Maria ta tsaya tare da mijinta, tana kuma uwa ga 'yan matan da suka zo aiki.

A watan Agusta 1867 zazzaɓi ya kama Grace, 'yar shekara takwas. Ubanta likita ne, ya yi iyakar ƙoƙarinsa, suka roƙi Allah da hawaye. Amma ta rasu. Wannan roƙo ba a amsa shi yadda suka so ba. Mutuwar ɗa takan raba miji da mata, kowa ya ɗora wa ɗan'uwansa laifi, ko kuwa kowa ya shiga ɗakinsa da baƙin cikinsa. Su kuwa tare suka miƙa ta ga wanda ya ba su ita.

Shekara ta kewayo, suna birnin Yangzhou, aka baza jita-jita cewa baƙin nan suna satar yara suna cire idanunsu don yin magani. Ran 22 ga Agusta, 1868, dubban mutane suka kewaye gidan. Da dare Hudson da wani abokin aiki suka ratsa ta cikin jifa zuwa wurin hakimin gari neman taimako. Maria da sauran mata da yara suna bene suna addu'a. Aka fasa gidan, aka washe kaya, aka sa wuta. Aka zura yara ƙasa da zannuwan gado. Maria, da tsohon ciki, ta diro daga bene ta ji ciwo a ƙafa. Ba wanda ya mutu. Da aka zo zancen hukunta mutanen garin, abin da Maria ta nuna tana so shi ne ƙasar ta ƙara buɗewa ga bishara. Bayan wata uku suka koma wannan gida, ta haifi ɗa namiji.

Rabuwa

Shekarar 1870 ita ce mafi nauyi. A watan Fabrairu ɗansu Samuel, ɗan shekara biyar, ya rasu. A watan Maris suka aika da manyan 'ya'yansu uku Ingila domin lafiyarsu, Maria ba ta ƙara ganinsu ba. Da zafi ya yi tsanani a birnin Zhenjiang, kwalara ta kama ta tana gab da haihuwa. Ta haifi ɗa ran 7 ga Yuli, suka sa masa suna Noel. Kwana 13 ya yi a duniya.

Da asuba ran 23 ga Yuli, Hudson ya duba fuskar matarsa, ya gane a matsayinsa na likita tafiya ta zo. Bai ɓoye mata ba. Ita ba ta ji tsoron zuwa wurin Yesu ba, abin da ya dame ta shi ne barin mijinta shi kaɗai a irin wannan lokaci. Sai ya durƙusa a bakin gadonta kamar yadda suka saba. Ya gode wa Allah saboda shekara goma sha biyu da rabi da ya ba su tare, ya mayar masa da ita. Ta cika a wannan safiya tana da shekara 33. Cikin 'ya'yan da ta haifa, huɗu ne suka girma.

Da addu'a aka nemi auren nan, da addu'a aka riƙe shi, da addu'a kuma aka rufe shi. A watannin kaɗaici da suka biyo baya, Hudson ya riƙa komawa sau da yawa a yini ga kiran da Yesu ya yi wa masu jin ƙishi a cikin Yahaya 7:37. Rijiyar da suka saba sha tare, ita ya ci gaba da sha shi kaɗai.

Sauran kwanakinsa

A ƙarshen 1871 ya auri Jennie Faulding, ɗaya daga cikin waɗanda suka zo cikin jirgin Lammermuir. Wannan gida ma a kan addu'a ya tsaya. A 1878, lokacin babbar yunwa a arewacin Sin, suna Ingila, Hudson ba shi da halin tafiya. Bayan sun nemi nufin Allah, Jennie ta bar 'ya'yanta hannun ƙanwar mijinta ta tafi lardin Shanxi ta kula da marayu. Ta rasu a 1904. Hudson ya rasu ran 3 ga Yuni, 1905, a birnin Changsha, aka binne shi a Zhenjiang kusa da Maria. A lokacin ƙungiyar da aka fara da fam 10 tana da ma'aikata fiye da 800. Yau ana kiranta OMF International.

Mu ma mun ci moriyar wannan gida. Rowland Bingham da Walter Gowans da Thomas Kent, waɗanda suka sauka Legas a 1893 suka fara Sudan Interior Mission, irin tafarkin Taylor suka bi, na shiga cikin ƙasa da dogara ga Allah ta wurin addu'a. Wannan mishan ce ta iso Damagaram a 1924.

Gidanka fa?

Ya mai karatu, ko kana Tanut, ko Belbeji, ko Gangara, ko wani ƙauye inda gidanka ne kaɗai na masu bi, ba a ce sai ka zama Hudson Taylor ba. Amma abin da ya riƙe gidansa yana kusa da kai.

Ku sa lokaci, ko da asuba kafin a tafi gona ko rijiya, ko da dare in yara sun kwanta. Ba sai doguwar addu'a ba. Wanda ya iya karatu ya karanta 'yan ayoyi, miji ya yi roƙo, mata ma ta yi da bakinta. Yesu ya yi alkawarin kasancewa tare da mutum biyu da suka haɗu cikin sunansa, ka duba Matiyu 18:19-20. Miji da mata ma mutum biyu ne.

Zo mu zauna, zo mu saɓa. Harshe da haƙori ma sukan saɓa. Amma da wuya ka ambaci sunan matarka gaban Allah kana riƙe da ita a zuci. Manzo Bitrus, cikin wasiƙarsa ta fari sura 3 aya 7, ya gargaɗi maza cewa wulakanta mace yana tare hanyar addu'a. Wanda ya zagi matarsa ko ya ɗaga mata hannu, ya fara neman gafararta tukuna, ya kuma daina. Addu'a ba mayafin rufe zalunci ba ce.

In rani ya yi, maigida zai tafi ci rani Kano ko Agadas ko Libiya, ku yi alkawarin sa'a ɗaya kafin ya tashi, shi yana roƙo can, ke kina roƙo nan. Hudson ya sha yin tafiya ya bar Maria, amma nisa bai raba su gaban kursiyin alheri ba. In ciwo ya shigo, ku yi addu'a, ku kuma kai mara lafiya likita. Hudson mai addu'a ne, likita ne kuma.

In kuwa abokin zamanka bai yarda ya durƙusa tare da kai ba tukuna, kada ka fid da zuciya. Ka tuna da Maria a watannin da mijinta ya yi shiru. Ka roƙa dominsa, ka jira.

Wataƙila kai da kanka ba ka san wannan Ubangiji ba tukuna. Ba za ka iya kafa dutse na uku a gidanka ba sai ka fara ba shi zuciyarka. Yesu Almasihu ya mutu domin zunubanka, ya tashi, yana kuma jin duk wanda ya kira shi. Ka nemi fasto ko dattijon ikkilisiya mafi kusa da kai, zai yi murnar taimakonka. Sa'an nan yau da dare, kafin a kashe fitila, ka kira matarka ku durƙusa.